Ranar Girgiza Tanki a Layinmu

A layinmu, idan ka ji kwaram-kwaram daga gindin dalbejiya bayan la'asar, ba sai ka tambaya ba: wani ne ya kwance tankin babur ɗinsa ana girgizawa. Mu nan fulogi muke fara ɗora wa laifi. Mashin ya soma shiƙa a hanya, ka ba shi wuta ya ƙi karɓa, sai a sayo sabo a ɗaura. Kwana biyu a koma gidan jiya. Sai bakanike ya kwance kafireta, ya tsiyaye man da ke gindinta a tafin hannu, ka ga jan gari ya kwanta kamar na bulo. Nan zai ɗago kai ya ce, "Yaya, tankinka ne fa."

Daga nan aiki ya zama na kowa. A juye mai a galan, a zuba kananzir kaɗan da noti-noti ko guntun tsohuwar sarƙa, a toshe baki, matasa biyu su yi ta kaɗawa har hannu ya gaji, wasu su karɓa. Dattawanmu sun fi yarda da tsakuwa, amma ni ina bayan bakanike: tsakuwa tana marmashewa ta bar yashi, wata kuma ta maƙale a lungu. Noti kuwa da ƙirge ake zuba shi, da ƙirge ake fitarwa, wanda ya ƙi fita a janyo shi da maganaɗisu.

Gardama tana tashi ne kan abin da za a jiƙa tankin da shi. Wani ya ce ruwan kal, a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu. Wani ya ce gyatumarsa da tsamiya take fitar da tsatsar wuƙa, don me tanki zai gagara? Akwai mai rantsuwa da Coca-Cola. Duk tsami ne ke aikin, kuma yana yi. Wanda ba na so a ko ambata shi ne ruwan batir. Ba ya tsayawa kan tsatsa, har ƙarfen yake ci, ga ƙuna a hannu, ga haɗari ga ido, kuma yara na kai-kawo a wurin.

Inda muke yin sakaci shi ne bayan wankin. Ƙarfen da tsami ya kankare ba ya jira. Kafin rana ta faɗi ya sake yin ja. Sai an ɗauraye da ruwan kanwa ya kashe tsamin, a bi da ruwa mai kyau, a kife tankin a rana ya bushe ƙayau, a kewaya cikinsa da fetur mai ɗan man inji, sannan a cika. Amma mai mashin yana tsaye a kanka, yana son ya fita nema.

Cikawar ce ma ke da wuya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, tankin da ke cin lita goma da lita ɗaya ko biyu yake yini. Sauran wurin iska ce, iskar damina kuwa da laima take tafe. Dare ya yi sanyi, ta zama raɓa a jikin ƙarfe, ta gangara ƙasa, domin ruwa ya fi fetur nauyi. Ga robar murfi da ta mutu tana shigar da ruwan sama, ga kwalbar 'yan bumburutu da ba a tace ba. Kuma kullum a rizaf muke tafiya, shi kuwa daga can ƙasa yake zuƙo mai, inda dattin ya taru.

Idan har tsatsa ta huda tankin, a goga sabulu ya kai mutum gida. Walda kuwa, namu mai waldar ba ya kusantar tanki da wuta sai an wanke an cika shi da ruwa, ko da Alhaji ne ke sauri, domin tururin fetur da ya rage a tankin da ba mai shi ne ke fashewa.

Tankin da aka girgiza jiya, na Boxer ɗin maƙwabcina ne. Noti ashirin aka zuba, ashirin aka fitar, aka sa ƙaramar matatar roba a tiyo kafin kafireta. Tankin ya yini a kife kan rufin shagon mai shayi, shi kuma ya tafi kasuwa a bayan mashin ɗin ƙanensa.