Zuwa ga Bakano, mai mota da sababbin kunnuwa

Bakano, bawan Zage-zagi. Ka gaida min uwargida, ka kuma yi mata jaje a madadina, don na ji kuɗin cefanen wata guda ya tafi wajen ɗinka wa madubin mota riga.

Da ka zo mana ɗaurin aure Tudun Wada na ga abin da idona. Ga inuwar darbejiya an bar maka, ka ƙi, ka faka a tsakiyar rana don kada jama'a su rasa kallo. Madubai biyu na gefe sun sha baƙar leda mai zanen saƙa, sai ɗaukar ido suke. Sauran jikin motar kuwa yana nan yadda muka san shi: bamba ɗaure da waya, ƙofar baya ta sha fila, fenti kala uku kowanne da tarihinsa. Kamar tsohuwa ta ci bashi ta sayi ɗan kunnen gwal, zanen jikinta duk faci.

Ka dafa madubin kana gaya wa mutane wai kabon faiba ne. To bari ubangidanka ya karanta maka. Kabon faiba na gaskiya zare ne da ake saƙawa a daskarar da shi cikin wani irin danƙo, ya fito da ƙarfi ga rashin nauyi. Kamfanin McLaren na Ingila ne ya fara ƙera gangar jikin motar tseren Formula 1 da shi a 1981, daga nan masu motocin gudu irin BMW suka riƙa yin murfin madubi da shi. Audi ma ta daɗe tana sa wa motocinta masu alamar S madubi ruwan azurfa, don wanda ya san mota ya gane tun daga nesa cewa wannan ba sa'ar yinsa ba ce. Naka kuwa ledar PVC ce, dangin bututun ruwa, aka danna mata hoton saƙar a fuska. Wa kake so ya tsorata? Corolla 'yar 2006 da ta shigo ta Kwatano, wadda iyakar gudunta cunkoson Kurna?

Ba ledar nake raina wa ba, ka ji da kyau. Sana'a ce mai kan gado a hannun masu ita. A Jamus tun 1971 aka ɗora wa motocin tasi launin hauren giwa, kuma har yau haka dokar take a yawancin jihohin ƙasar. Mai tasi sai ya sayi baƙar Marsandi, a naɗe ta da leda mai wannan launi, ya yi shekarunsa yana aiki, ranar sayarwa a ɓare a samu fenti fes a ƙasa. Wannan lissafin ɗan kasuwa ne, irin wanda kuke cika baki kun fi kowa iyawa.

Sai dai a duk jikin mota, madubi na cikin wuraren da suka fi ba masu naɗi wahala, ka kuwa zaɓe shi don ka ga ƙarami ne, ka ɗauka zai yi araha. Ƙofa shimfiɗe take, leda ta kwanta abinta. Madubi ya lanƙwasa ta sama, ya lanƙwasa ta gefe, ga lungu a wuya, ga fitilar sigina a wasu. Gwani yakan wanke shi tas, ya bi da sifirit har cikin tsaga don kada maiƙo ya rage, don gam ba ya shiri da maiƙo. Sannan ya gasa ledar da na'urar hura zafi ta yi laushi, ya ja ta a hankali ta rungume ƙoƙon gaba ɗaya, yana bi da katin shafa yana korar iska. Idan ya ja fiye da kima launi ya koɗe, saƙar ta karkace. Idan ya gama ya yanke baki da reza, sai ya koma ya sake gasa duk inda aka ja, zafi ya kai wajen digiri 90 zuwa 100. Dalili shi ne ledar ba ta manta siffarta ta asali, kullum so take ta koma a miƙe, kuma wannan gashi na ƙarshe ne ke raba ta da wannan tunani.

Na duba naka da kyau lokacin da kake can kana layin shinkafa. Bakin ledar ta ƙasa ya riga ya fara ɗagowa, ƙura ta shiga ta yi masa jan layi. A na dama akwai ƙuraje uku, tsakuwar hazo ce aka rufe da ranta. A bakin titi aka yi aikin, ko ba haka ba? Kuma na rantse da rawanin Sarkin Zazzau yaron da ya naɗa maka bai yi gashin ƙarshe ba, ko dai an ɗauke wuta, ko ka tsaya masa a ka kana neman ragi. Ka kai motar wajen wanki su saita mata injin feshi sau biyu, za ka dawo gida da tuta.

Batun kare fenti kuma, wanda ka fi nanatawa. Kaurin ledar ado wajen milimita 0.1 ne kawai. Tana tare rana, da kashin tsuntsu, da ƙaramin karce, iyakarta ke nan. Wadda aka yi musamman don kariya daban ce, garau take ba launi, kaurinta ya kusa ninka wannan, kuma asalinta kamfanin 3M ya yi wa sojan Amurka ita don kare farfelar jirgi mai saukar ungulu daga yashi. Ita ma ba a gwada ta da ɗan Adaidaita Sahu da ya hango fasinja a Ƙofar Wambai ba. Abin da ke kashe madubi a garinku ba karce ba ne, fizge shi ake yi tun daga gindi. Ga kuma ranar watan Afirilu, zafi ya haura digiri 40. Shekarun da masu ledar ke alkawari na ƙasashen sanyi ne, su da kansu suna rage adadin idan aka zo ƙasashe masu ƙunar rana. Idan ta daɗe gam ya dafu, fentin ƙasa kuma na bakin hanya ne irin naka, ranar ɓarewa tare za su taso. Ka biya kuɗi an rufe fenti, za ka biya kuɗi a sake wani.

Ban ma zo kan ɓarayi ba. Mutanen Legas lambar mota suke sa a zana musu a jikin madubi don ɓarawo ya rasa mai saye. Kai ka yi wa naka kwalliya ka ajiye a bakin kasuwa. Kada ka yi mamaki idan ka je Ƙofar Ruwa neman wani aka miƙo maka naka, da ƙurajensa uku, a ce na Beljiyam ne.

Abin da ya fi ba ni dariya, duk hidimar nan bayan madubin aka yi wa, ɓangaren da mutane ke gani. Gilashin da direba ke kallo, na hagu ya tsage, na dama yana kallon sararin samaniya tun azumin bara. Ba ka lura ba, don Bakano ba ya duba madubi. Hon ne siginarsa, hannu ta taga ne dokarsa, wanda ke baya kuma Allah ya ba shi haƙuri.

Na san amsarka tun kafin ka rubuta. Za ka ce mu masu shan fate ina muka san ado, hassada ce kawai. Ka rubuto, filin a buɗe yake. Amma ka haɗo da kuɗin sharar bana, don Muharram ya wuce ban ga ko sisi ba, kuma wanda ya iya tufatar da madubi ba zai ce mini babu ba.