Zuwa ga Taubashina, Alhajin da Agogo Ya Ruɗa

Alhaji ɗan kawuna! Tun ranar da ka dawo daga Makka, Filinge ba ta huta ba. Duk inda aka shimfiɗa tabarma kai ne a tsakiya, baki a wangale don haƙorin Makka ya sha rana, labarin jirgi kuwa ba ya ƙarewa.

An ce har rantsuwa kake yi, wai zuwa Jidda awa bakwai ne, dawowa awa uku, domin hanyar gida gangara ce. Gangara a sararin samaniya, Alhaji? Sai ka ce jaki ne ya sauko daga tudu zuwa cikin Dallol Boso! To zauna in koya maka, kyauta. Daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai zuwa Jidda, in an miƙe, wajen kilomita 4,000 ne. Jirgin da ke cin kilomita 800 da 'yan kai a awa guda, awa biyar ta ishe shi. Sauran biyun da kake tinƙaho da su agogo ne ya ara maka. Rana kan riga mu fitowa a can, shi ya sa agogon Saudiyya ke gaban na Nijar da awa biyu. Da za ka dawo, ya karɓe abinsa.

Abin da ba ka faɗa wa jama'a ba shi ne tafiyarka daga nan zuwa Yamai. Kilomita 180 ce, jirginka ko rubu'in awa ba zai yi ba. Kai kuwa ka yini, don ka iske kasuwar Baleyara tana ci, ka tsaya taya ragon da ba ka da niyyar saye.

Mutanen dā a ƙafa suka yi tafiyar Makka, ta Barno da Cadi da Darfur har Suwakin, bakin Bahar Maliya. Suna tafe suna noma, damina ta wuce su ƙara gaba. Wasu ma a Sudan suka zauna, jikokinsu na can har yau. Waɗanda suka dawo ba su cika gari da surutu kamar wanda aka ɗaure da ɗamara a kujera, ana miƙo masa shinkafa, ba.

Nisan da ya gagare ni lissafi ɗaya ne. Zamzam ɗinka da dabinonka sun tsallake teku, sun ratso Sudan da Cadi, sun sha ƙurar hanyar Filinge, amma zaure uku da ke tsakanin gidanka da nawa ya gagare su. Ko carbi ban gani ba.

Ga watan shara ya kama. Gobe da hantsi ina tafe, kuma na ga inda kake rataye sabuwar jallabiyar nan.