Zuwa ga Bazazzagin da Kaji Suka Fi Wayo

Bawana Bazazzagi, ubangidanka na Kano yana gaishe ka. Labari ya iso mana cewa ka tara 'yan matan kaji ka sake su a tsakar gida, ka kira kafinta ya ƙera musu akwatin saka ƙwai har da fenti, amma har yau ko ɗaya bai faɗa ciki ba. An ce kullum da hantsi ƙafafunka kawai ake gani a waje, sauran jikin yana ƙarƙashin rumbu kana lalube. Wai har bayan randar maƙwabta ka leƙa, uwargidan ta tambaye ka ko lafiya.

Garin da abin ya faru shi ya fi ba ni kunya. Daga ƙofar gidanka zuwa Shika, inda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI take, tafiyar ba ta kai a yi guzuri ba. Can aka samar da Shika Brown, kazar ƙwai mai jure zafin ƙasarmu. Jami'ar Ahmadu Bello kuma tana Samaru tun 1962. Duk wannan ilimi yana kewaye da kai, sai ga sagara 'yar wata biyar ta mai da kai ɗan aikenta.

To saurara, tunda karatu bai yi maka rana ba. Ina ka ajiye akwatin? A tsakiyar fili, cikin rana, kan hanyar da yara ke bi zuwa rijiya, don baƙi su yaba fentin. Kaza ba ruwanta da fenti. In ƙwai ya taho mata, lungu take nema, mai duhu, inda shaho ba zai hango ba, muzuru da gafiya ba za su yi saurin ganowa ba. Shi ya sa ta zaɓi ƙarƙashin rumbu, kuma ta fi ka gaskiya. Ɗauke akwatin ka kai shi cikin akurki, kusurwar da ta fi duhu. Faɗi da tsawo da zurfi kamar santimita 30 ya wadatar, ta shiga ta juya, ba falo take so ba. Ka kafa ɗan katako a bakin don kada shimfiɗa ta zube, ka zuba ƙaiƙayi ko ɓuntun shinkafa da kauri, ka rataya guntun buhu ya rufe rabin ƙofar. Akwati ɗaya ya ishi kaji 4 ko 5. Kada ya fi sandar da suke hawa su kwana tsayi, don kaza wuri mafi bisa take kwana. In akwatin ne a sama, ɗakin barci za su mai da shi, da safe ka tarar da kashi maimakon ƙwai. Tsofaffinmu ma fasasshiyar tukunya suke kwantarwa a lungu, ba su taɓa biyan kafinta ba.

Sai babban laifinka: sammako. Ana sallame sallar asuba ka buɗe akurki, wai su fita neman arziki. Ƙwai yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya haɗu a cikin kaza, kuma yawancinsu da safe suke sakawa, kafin azahar. Wato daidai lokacin da suke buƙatar akwatin, kai ka kora su bayan gida. Ka tsare su ciki har rana ta take, da ruwa da tsaki a gabansu, mako ɗaya ko biyu. Ka dai bar iska tana shiga, kada zafin bazara ya gasa maka su ka ce ni na sa ka. Inda sagara ta fara sakawa nan take komawa, don haka wahalar ta 'yan kwanakin farko ce.

Kuma ka riƙa barin ƙwai ɗaya a ciki. Na san nan za mu ɓata, domin hannun Bazazzagi ba ya ganin ƙwai ya wuce. Za ka ce mu Kanawa ne ba ma barin ko sisi a ƙasa. To mu mun san abin da ake kira jari. Kaza in ta ga ƙwai a wuri, sai ta ɗauka wata ta gwada ta tsira. Ka yi wa na barin alama da gawayi, kana sauya shi kafin ya lalace. In zuciyarka ba za ta jure ba, sa ƙwallon tebur ko farin dutse mai santsi. Ba ta tantancewa. Tsofaffin maɓoyan kuwa, ka kwashe abin da ke ciki ka toshe da dutse ko ƙaya. Abin da ka tsinto ka jefa a kwanon ruwa: wanda ya nutse ya kwanta, na ci ne, wanda ya taso sama, kada ka fasa shi kusa da mutane.

Kafin ka zargi 'ya'yan maƙwabta da sata ma, ka tabbata kajin sun isa. Na gidan gona sukan fara a mako 18 zuwa 20, na Hausa sai sun kai wata shida ko fiye. Wadda ta kusa, zankonta zai yi ja ya cika, in ka kai hannu ta durƙusa ta buɗe fiffike, ka ga tana safa da marwa tana kyarkyara tana leƙa kowane lungu. Ita za ka ɗauka a hankali ka sa a akwatin. Ƙwan farko kan zo ƙarami, wani ma da taushin ɓawo, ta yar da shi a tsakar gida. Ba sammu ba ne, kada ka tafi wajen malam. In kuma wadda ta saba ta ƙaurace wa akwatin, ɗaga shimfiɗar ka duba, ƙwarƙwata ce ko danshi. Ƙona ta, barbaɗa toka, zuba sabuwa.

Ladan wannan karatu kiret ɗaya ne. Ka ba direban Kano ya sauke min a tashar Unguwa Uku. Zan ƙirga, 30 cif, kuma kowane ɗaya sai ya shiga kwanon ruwa kafin in ce na karɓa.