Na Shiga Gidan Zariya ta Rufi

Shekaranjiya abin ya faru, har yanzu da gefe guda nake zama, saboda haka a yi mini uzuri in na yi gaggawa.

Ni mutumin Sabuwa ne, hatsi nake saye ina sayarwa, yau Ɗandume, gobe Sheme, jibi Funtuwa. Halin da yankinmu yake ciki ba sai na faɗa ba. Tun kafin a kwashe 'yan makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020 mutanenmu na Faskari da Sabuwa suke neman inda za su ajiye iyali su yi barci har da minshari. Ni da na tara ɗan abin da na tara, sai na ce Zariya. Garin da Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, ga Kongo, ga asibitin Shika, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama, ai ɗaki ba zai kwana babu ɗan haya ba. In zauna a rabin gida, in zuba ɗalibai a rabi. Wani abokina ya tuna mini yajin aikin malaman jami'a na 2022, wata 8 cur masu gidajen haya a Samaru suna kallon ƙofofi a garƙame. Na ce masa baƙin ciki ne ke damunsa.

Dillalin da aka haɗa ni da shi a Kwangila ya zaga da ni Samaru da Hayin Dogo da Palladan. Kuɗin da na ji ya sa na cire hula na yi fifita da ita. Da ya ga haka sai ya ce mu nufi birni. Abu biyu dillalin Zariya yake sayarwa, kusanci da jami'a da kuma tsufa. In gida sabo ne, ko a Giwa yake, zai rantse maka minti goma ne zuwa ƙofar jami'a. In tsoho ne, to Babban Gwani ne ya gina shi, wato maginin nan da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Da a ce duk gidajen da dillalai suke jingina wa bawan Allahn nan shi ya gina su, da ko sallah bai samu sukunin yi a masallacin ba.

Gidan da ya kai ni yana ciki kaɗan daga Ƙofar Doka. Zaure, shigifa, tsakar gida, rijiya, ɗakunan soro. Na tambayi takardar mallaka ta gwamna, tunda dokar filaye ta 1978 a hannun gwamna ta damƙa ƙasa, kuma a Jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke fitar da takardar. Dillali ya zaro wata 'yar takarda rubutun hannu mai hatimin mai unguwa, ya ce wannan ta fi ta gwamna daɗewa. Gidan gado ne, in ji shi, magada duk sun yarda, saura 'yar ƙaramar magana da matar marigayin, wadda take da tumuninta kuma har yanzu tana zaune a ciki.

"Ta sallama?"

"Tana kan hanyar sallamawa, Alhaji."

Babban ɗan gidan ya ce shi ba ya son a tura masa kuɗi ta waya, ido yake so ya gani. Don haka kafin alƙalami, naira dubu 500, yana cikin aljihun wandona, ɗaure da roba.

Na ga sawun ruwa a bango na yi magana. Dillali ya ce, "Alhaji, hau ka gani da idonka." Aka jingina tsani.

Wanda bai san rufin soro ba, ga yadda yake. Azara ce ta giginya ake jerawa, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, a yaɓe da makuba don ruwa ya zarce ta indararo. Yana iya kai jikoki, amma da sharaɗin a riƙa yi masa yaɓe kafin kowace damina. Gidan da magada suke jayayya a kansa kuwa ba mai yi masa yaɓe, kowa cewa yake ba zai gyara wa wani rabonsa ba. Wannan bayani duk daga baya aka yi mini shi, ina kwance.

Dillali yana kan tsani, kansa kaɗai ya leƙo. Ya ce, "Buga ƙafa ka ji. Dutse ne." Na buga. Ya ce, "Haba Alhaji, da ƙarfi." Na tattare babbar rigata, shadda sabuwa dal, na ɗaga ƙafar dama na sauke.

Ban ji ƙara ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan. Rufin bai ce ƙas ba, bai ce rugum ba, buɗe baki kawai ya yi ya karɓe ni cikin ladabi. Ƙafar dama ta wuce, ta hagu ta bi ta don zumunci, gwiwa ta wuce, cinya ta wuce, sai tumbina, wanda likita ya daɗe yana zagi, ya ce shi nan zai tsaya. Na toshe ramin tsaf kamar tsumman da ake cusawa a bakin jarkar manja. Babbar riga ta baje a kan rufi ta kewaye ni, hulata ko gocewa ba ta yi ba. Wanda ya hango ni daga nesa zai ce wani attajiri ne ya zauna shan iska.

Wannan daga sama ke nan. Daga ƙasa labarin daban ne.

A hanyar wucewa wani tsinin azara ya kama zariyar wandona ya tsinke ta. Na ji lokacin da wandon ya yanke shawara. Ya fara sulalewa a hankali, nauyin dubu 500 yana jansa, ni kuma hannuwana suna sama, a wata duniyar. Na buɗa ƙafafu don in tare shi, ya dakata a gwiwa, ya yi ɗan tunani, ya ci gaba. Na murɗe yatsun ƙafa na riƙe bakinsa. Takalmi ɗaya ya fita. Sai na ji tim. Abin da ya rage a jikina ta can ƙasa shi ne safa ɗaya da wani jan gajeren wando na 'yan ƙwallo, na babban ɗana, wanda na ɗauka da asuba a cikin duhu, mai lamba 9 a cinya.

Ɗakin tsohuwar ne. Kuma ba ita kaɗai ba ce, 'ya'yanta mata da surukai duk suna ciki, taro suke yi a kan yadda za su hana a sayar da gidan.

Aka yi shiru na ɗan lokaci, sannan salati ya tashi. Wata ta ce aljani ne. Wata ta ce aljani ba ya sa safa. Sai na ji muryar tsohuwar, ba tsoro ko kaɗan a cikinta: "Ku miƙo mini muciya."

A daidai nan Baba ya shigo labarin. Wani dattijo ne a kan rufin maƙwabta yana shanya kuɓewa, ya ga komai tun daga farko, bai ko miƙe ba. Ya gyara zama ya yi mini sallama, na amsa, don muciya ba ta riga ta iso ba.

"Alhaji, daga ina?"

"Daga Sabuwa, Baba. A taimaka."

"Sabuwa! Yaya hanya? Yaya mutanen Ɗandume? Nawa masara yanzu?"

Muciya ta sauka a ƙaurina. Na yi ƙara. Baba ya ɗaga hannu ya ce in natsu, shi ya yi aikin masinja a jami'a har ya yi ritaya, ya kai wa manyan injiniyoyi fayil iri-iri, ba abin da bai sani ba game da gini.

"Abin da ke damunka nauyi ne," in ji shi. "Rage nauyinka."

"Ta yaya, Baba?"

"Saki numfashi. Iska ma nauyi ce."

Na saki numfashi. Tumbi ya ɗan motse, na ƙara nutsewa da kamu guda. Ihu ya ƙaru a ƙasa.

"A'a, mayar da shi! Mayar!"

Na mayar. Yanzu azara ta kama ni a haƙarƙari. Baba ya gyaɗa kai irin na wanda gwajinsa ya yi kyau. Ya ce in daina tunani, don tunani yana sauka a ƙugu. Ya ce da na zo da rani da haka ba ta faru ba. Ya ce ko a jiya ya gaya wa wani yaro cewa wannan kusurwar ta ruɓe, ya yi mamaki da yaron bai gaya mini ba. Na ce wane yaro? Ya ce wani almajiri, ya ma koma garinsu.

Kafin nan lungu ya cika. Wasu ɗalibai 'yan Kongo da ke haya a kusa suka hau katanga, kowa da waya a hannu, ba wanda ya zo da igiya. Aka rabu gida biyu, masu cewa a jawo ni sama da masu cewa a tura ni ƙasa. Aka nemi ra'ayin Baba. Ya auna ni da ido, ya auna tsawon bangon.

"Ƙasa ta fi kusa," ya ce. "Kuma kayansa sun riga shi sauka."

Na roƙe su da girman Allah kada a tura ni ɗakin nan. Baba ya ce to a jiƙa kuɓewa a zuba mini yauƙin a kewayen ƙugu, ko sama ko ƙasa zan zame in fita. Ya ce yana da busasshiya mai kyau, mudu ɗaya zai isa, ba zai tsawwala mini ba tunda ni baƙo ne.

Sai muciya ta tsaya. Ɗakin ya yi tsit. Na kasa kunne ta cikin rufi, na ji wani sauti da duk ɗan kasuwa ya sani ko a mafarki, sautin yatsa mai miyau yana bin sababbin takardun dubu-dubu. Aka ƙirga har ƙarshe, aka sake daga farko. Sannan tsohuwar ta ɗaga murya ta yi magana da ƙafafuna.

"Bawan Allah, gida dai ba na sayarwa ba ne. Amma Allah ya yi maka albarka, wannan zai yi gyaran rufi har da yaɓe."

Dillali, wanda tun ɗazu ya ɓace daga kan tsani, ya sake leƙo da kai. Ya ce tunda kuɗi sun shiga hannun magada, ni ma kuma ga shi na shiga gidan, sai a yi maganar la'adarsa.

Baba ya ce gaskiya ne, a ba shi, zai rage mini nauyi.