Yadda Za Ka Yi Aiki Daga Gida a Nima Ba Tare da an Aike Ka Ba

Kafin ka buɗe kwamfuta, ɗauke takalminka daga bakin ƙofa. A gidan haya irin na Nima da Mamobi, inda ɗakuna goma ke kallon tsakar gida ɗaya, silifas ne ke tona asiri. Duk wanda ya gan shi ya san kana ciki, kuma a hukuncin Zango, namijin da ƙarfe goma na safe ta same shi a ɗaki ba shi da abin yi. Tura silifas ɗin ƙarƙashin gado, saki labule, in tari ya zo ka haɗiye.

Ba wai aiki a gida baƙo ne a nan ba. Tun kafin Akufo-Addo, shugaban ƙasa na lokacin wanda shi ma gidansa na Nima, ya kulle Accra na mako uku saboda korona a ƙarshen Maris 2020, Hajiya mai waakye a tsakar gida take ɗora tukunya, mai koko da ƙosai na tashi kafin ladan, tela na taka keke a bakin ƙofarsa. Sai dai aikinsu na da hayaƙi da ƙara, kowa na shaida. Kai kuwa kana zaune kana yi wa gilashi murmushi. Rabin gidan za su ce zaman banza kake, rabi su ce sakawa, wato damfarar intanet, ka shiga. Zargi na biyu ya fi haɗari, musamman in kana neman aure a unguwar.

Maganinsa shi ne ka tafi aiki. Yi wanka, sa riga mai guga, rataya jaka, ka gaida kowa da murya sama: “Mma, na fita!” Hau titi, sayi waakye a ganye, tsaya ka ji yaran mota na kiran Circle da 37, ka bar trotro biyu su wuce don zuciyarka ta yarda. Sannan ka zagayo ta wani lungu ka sulale ɗaki. Laraba ta fi daɗin wannan dabara, ranar da kasuwar Nima ke cika, mata duk sun fice. Sauran ranaku sai addu’a, don akwai tsohuwa ɗaya a kowane gida da ba ta barin kujerarta, kuma idonta bai taɓa tsufa ba.

In ta kama ka, ka shiga uku da jimlar nan: “Tunda kana gida…” Tunda kana gida, cika mini gas. Tunda kana gida, ɗauko yara daga makaranta. Tunda kana gida, duba mini me ya sa WhatsApp ɗina ba ya magana. Babu ɗan halak da zai ce wa Mma yana da taro da Landan, don haka ka koyi mallakar ƙaramin yaro. Sidi biyu da alkawarin kallon wasa a wayarka sun isa ya zama mataimakinka na musamman kan harkokin aike.

Wuta kuma, wanda ya ga dumsor na 2015 ba ya buƙatar wa’azi: in ta zo, caja komai, har abin da ya cika. Ɓoye batirin ajiyarka yadda ake ɓoye kuɗin adashi, domin aronsa ba ya dawowa da rai. Rigimar gaske tana wurin mita. Gida ɗaya, mita ɗaya, kuɗi ya ƙare ranar sha biyu ga wata, nan take taron gaggawa zai gano cewa kwamfutarka ce ta shanye shi. Maƙwabciyar da ke da firiza biyu na sobolo da ƙanƙara ita za ta jagoranci binciken. Kada ka yi musu. Tura naka kason ta MoMo, ka ƙara kaɗan, ka kira shi kuɗin ofis.

Taron Zoom na son lissafi. Agogon Accra ɗaya ne da na Landan a lokacin sanyinsu, Legas kuma na gaba da awa ɗaya, amma jadawalin da ya fi muhimmanci shi ne na unguwa. Masallatai sun yi yawa, kuma ladanai ba sa farawa tare, saboda haka ka ba Azahar da La’asar filinsu, ka je ka yi sallarka. Asabar da Lahadi kada ma ka gwada: an kafa rumfa a titi, aure ko suna, lasifika ta fi ƙofar ɗakinka tsayi. Makon Layya kuwa ragon mai gida zai halarci kowane taro. Ɗora yatsa kan maɓallin kashe murya, in ya riga ka, ka ce wa Baturen wani abokin aiki ne bai gamsu da kasafin ba.

Ka kiyayi majalisar ataya. “Zo ka sha ɗaya” suke cewa, alhali zagaye uku ne, kuma kafin na biyu ya nuna an buɗe shari’ar ko Kudus, ɗan unguwa, ya yi daidai da ya bar West Ham ya koma Tottenham a 2025. Ba a taɓa yanke hukunci kafin Magariba ba.

Ranar albashi, kashe ƙarar waya tun da safe. Bangon gidan haya ba ya riƙe sirri, kuma ƙarar shigowar kuɗi kowa ya haddace ta. In ta kuskure ta fita, kafin La’asar gidan duka zai gaskata cewa kana da aiki, mai firiza ma za ta kira ka Alhaji, kuma kati uku na ankon biki na nan tafe.