Komai Sanyi Ne a Unguwarmu

Mu dai a unguwar nan komai sanyi ne. Mara ta murɗa, sanyi. Fitsari ya yi zafi, sanyi. Amarya ta shekara uku ko ɓatan wata ba ta yi ba, sai a ce sanyi ya yi mata yawa, a aiki yaro wajen mai lasifika a bakin kasuwa ya sayo jarkar saiwoyi. Laifin kuwa kullum na masai ne. Da masai na da baki, da tuni ya kai ƙararmu gaban mai unguwa.

Ranar sunan gidan maƙwabta, muna tsakar gida ana ɗora sanwa, ƙanwar maijego, ma'aikaciyar jinya ce, ta ce, "Yaya, cikin abin nan da kuke kira sanyi akwai wata ƙwayar cuta, kilamidiya. Ba a masai ake kwasarta ba, ta saduwa ce." Sai wuri ya yi tsit, har mai dakan yaji ta jingine taɓarya.

Muguntarta, in ji ta, ba ta surutu. Yawancin matan da ke ɗauke da ita ba sa jin komai, maza ma da dama haka. Tana nan tana hawa a hankali har ta toshe hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, sai haihuwa ta ƙi, ko ciki ya zauna a wajen mahaifa. Jariri ma yakan kwasa wurin haihuwa, ido ya yi ta kwantsa, mu kuwa sai mu ɗiga masa nono mu ce zai wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sababbin kamuwa kusan miliyan 129 a 2020 kaɗai, don haka ba mu muka fara ba.

Maganin ba wuya. A yi gwaji a asibiti, a sha doxycycline safe da dare kwana bakwai cur, ba ƙwaya biyun nan da muke tsinkowa a kemis ba. Mai ciki azithromycin ake ba ta. A kuma ƙaurace wa shimfiɗa kwana bakwai.

Inda gizo ke saƙar shi ne halinmu: uwargida ta shanye magani ita kaɗai, maigida na majalisa yana shan shayi, amarya ba ta ma san ana yi ba. Kwana ya zagayo, cuta ta zagayo.

"Gida duka za a sha," in ji malamar jinya.

Inna ta gyara mayafi ta ce, "To 'yar nan, wa zai gaya wa Alhaji?"

Kowa ya kama kallon tukunya.