Jinsunan 'Yan Siyasa, daga Layin Zaɓe zuwa Allon Waya

Masu nazarin siyasar Arewacin Najeriya sun saba karkasa masu zaɓe bisa jiha, addini, shekaru ko jinsi, amma wannan rabo, duk da amfaninsa ga hukumar INEC, ba ya bayyana halayyar da ke sa mutum ya dangwala wa tsintsiya ko lema, kuma ba ya faɗin dalilin da ya sa wanda ya fi kowa ɗaga murya kan zama shi ne ba a gani a rumfar zaɓe. Rabon da ya fi kusa da gaskiya shi ne wanda jama'a suka yi da kansu a teburin mai shayi da majalisun ƙofar gida, inda kowane jinsi yake da sunansa.

Jinsi na farko shi ne mai sak, wato wanda yake zaɓen jam'iyya guda tun daga shugaban ƙasa har zuwa kansila ba tare da ya nemi sanin sunan ɗan takara ba. Wannan jinsi ya yi tashe a zamanin Muhammadu Buhari, musamman a 2015, lokacin da ya samu ƙuri'a sama da miliyan 15 ya kayar da Goodluck Jonathan, ya kuma janyo 'yan majalisa da dama waɗanda mazaɓunsu ba su san fuskokinsu ba sai bayan sun tare a Abuja sun sake lambar waya. Mai sak yana alfahari da cewa ya gaji aƙida, domin kakansa ɗan NEPU ne, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, mahaifinsa kuma ya bi makullin PRP a 1979, sai dai kakan ya sha ɗauri a gidan yarin En'e saboda ra'ayinsa, shi kuwa jikan babbar wahalarsa ita ce tsayuwa cikin rana. Abokin hamayyarsa shi ne mai wake da shinkafa, wanda yake gauraya jam'iyyu, ya ba wannan shugaban ƙasa, ya ba waccan gwamna, yana kiran abin da ya yi cancanta, shugabannin jam'iyya kuma suna kiransa zagon ƙasa. Ba ƙaramin jinsi ba ne, domin a 2023 Atiku Abubakar na PDP ya ci jihohin Katsina, Kaduna, Sakkwato, Kebbi, Gombe da Yobe, bayan 'yan makonni kuma waɗannan jihohi duka suka zaɓi gwamnonin APC, ba tare da kowa ya ji ya yi wa kowa ƙarya ba.

Wanda aka fi zagi, kuma aka fi nema, shi ne mai taliya. Sunan ya samo asali daga kayan da ake rabawa dab da zaɓe, kamar taliya, atamfa, sabulu da dunƙulen miya, waɗanda darajarsu ta ƙaru a farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci har a aljihun 'yan takara. Dokar Zaɓe ta 2022 ta haramta saye da sayar da ƙuri'a, amma mai taliya yana da hujjarsa, wadda masu wa'azin siyasa ba su cika iya warwarewa ba, cewa sau ɗaya tak a shekara huɗu ne gwamnati take gano hanyar gidansa. Jinsin ya kasu gida uku. Akwai mai amana, wanda idan ya karɓa yakan cika alkawari, domin a wurinsa cin kayan mutum a ƙi zaɓensa ya fi sayar da ƙuri'ar muni. Akwai mai dabara, wanda ya karɓi fatawar nan ta a ci kuɗinsu a zaɓi ra'ayi, abin da ya sa wakilan 'yan takara suka koma raɓewa kusa da akwati suna miƙa wuya don ganin inda yatsa ya sauka. Akwai kuma mai adalci, wanda ya karɓa daga jam'iyyu uku, ya ga bai dace ya fifita ɗaya ba, ya dangwala wa ukun duka, ƙuri'ar ta lalace, ya koma gida da zuciya fari. Yawancin wannan rabon kaya mata ake nufa da shi, waɗanda a Arewa ba su kaɗa ƙuri'a a babban zaɓe ba sai a 1979, kuma abin lura ne cewa 'yan takarar da ba sa tuna su a wajen raba muƙamai ba su taɓa mance su a wajen raba sabulu ba.

Sama da mai taliya a daraja akwai daliget, wato wakilin da jam'iyya take turawa zaɓen fid da gwani. Shekara huɗu ba mai amsa sallamarsa, amma a makon zaɓen sai ya wayi gari ana ce masa ranka ya daɗe, a ɗauke shi a mota mai sanyi, a ajiye shi a otal, a wasu lokutan ma a karɓe masa waya don kada wani ɗan takara ya dame shi da alheri. Lissafinsa a bayyane yake, domin a ganinsa wanda ya iya biyan naira miliyan 100 kuɗin fam na takarar shugaban ƙasa, kamar yadda APC ta sanya a 2022, bai kamata ya yi wa talaka rowa ba. Yakan yi wa 'yan takara uku rantsuwa a dare guda, kuma abu biyu kawai yake tsoro: maslaha, wato manya su fid da mutum a ɗaka ba tare da ƙuri'a ba, da 'yar tinƙe, wato ƙato bayan ƙato, inda kowane ɗan jam'iyya yake shiga layi, farashi ya karye.

Shi kuwa shugaban jam'iyya mutum ne da kundin tsarin jam'iyya ya ɗora a sama, amma wanda yake biyan kuɗin hayar ofis, wato gwamna ko shugaban ƙasa, ya riƙe wa kansa sunan jagora. Aikinsa ya taƙaita ga ɗaga hannun ɗan takarar da ba shi ya zaɓa ba, karɓar masu sauya sheƙa, da karanta takardar dakatarwa, har ranar da za a karanta tasa. Abin ban dariya a tsarin shi ne yadda shugaban mazaɓa, wanda ofishinsa shago ne mai benci biyu da tuta, yake iya girgiza kujerar shugaba na ƙasa: daga mazaɓarsa a Edo aka faro faɗuwar Adams Oshiomhole na APC, wanda ya sauka a 2020, haka kuma Uche Secondus a Ribas a 2021 da Iyorchia Ayu a Binuwai a 2023, su biyun na PDP. Idan rikici ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai jam'iyya ta haifi tsagi, kowanne da shugabansa da hatiminsa da lauyansa, kamar yadda Ali Modu Sheriff da Ahmed Makarfi suka ja PDP har gaban Kotun Ƙoli a 2017. Mutanen Kano ba baƙi ba ne a wannan fage, tun da sun ga PRP ta rabe zuwa Santsi da Taɓo a Jamhuriya ta Biyu. Mai sauya sheƙa ba ya buƙatar dogon bayani, domin jawabinsa ɗaya ne tun kafin gwamnoni biyar su bar PDP zuwa APC a Nuwamban 2013, wato ya tuntuɓi magoya bayansa, waɗanda galibi a rediyo suke jin labarin an tuntuɓe su, kuma masu hangen nesa a cikinsu ba sa ƙona tsohuwar hula, a ƙasan akwati suke adana ta.

Jinsunan intanet sun gaji sojan baka, wato mai kare ubangidansa a rediyo, sana'ar da ta bunƙasa a Kano bayan buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Freedom a 2003. Magajinsa na kai tsaye shi ne ɗan data, wanda ladansa kuɗin shiga intanet ne a ƙarshen wata, aikinsa kuma sanya hoton oga a wajen ta'aziyya, ɗaurin aure ko buɗe rijiya, tare da zagin duk wanda ya tambayi ko rijiyar tana ba da ruwa. Mafi munin darensa shi ne daren da oga ya sauya sheƙa ba sanarwa, domin dole ya kwana yana goge rubutunsa na shekara uku, alhali abokan gaba sun riga sun ɗauki hoton kowanne sun ajiye. Kowane dandali kuma da irin mutanensa da inda suka karkata. A Facebook, inda Hausa ta fi ƙarfi, ake samun mai fashin baƙi, wanda yake rubuta shafi guda kan abin da aka tattauna a ganawar sirri ta mutum biyu da ba ya ciki. A X, wanda a da ake kira Twitter, inda Turanci ya fi yawa, magoya bayan Peter Obi ne suka cika fili a 2023. TikTok ya zama na masu waƙa da rawa da habaici, WhatsApp kuwa na kawu ne mai turo saƙon murya wanda ba a san mai shi ba, da shugaban zauren tsofaffin ɗalibai wanda yake hana maganar siyasa a duk lokacin da ta juya kan gwaninsa. A ko'ina kuma akan ci karo da mai cewa shi ba ɗan siyasa ba ne, kalamin da a kullum ake biyo shi da «amma», sannan a sauke wa jam'iyya ɗaya tak buhun laifi.

Mafi kwanciyar hankali a cikinsu shi ne mai zaɓen gwaji, wanda yake tambayar mabiyansa wa za su zaɓa, bayan ya riga ya toshe duk mai saɓa masa, sannan ya shelanta cewa ƙasa ta yanke hukunci. Tun da manhajojin suna yawaita nuna wa mutum irin abin da ya saba tsayawa a kai, kowane ɓangare ya shiga zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 da tabbacin nasara, sai alƙaluman INEC suka ba Bola Tinubu kimanin miliyan 8.8, Atiku kusan miliyan 7, Obi miliyan 6.1, Rabi'u Musa Kwankwaso kuma kusan miliyan 1.5, waɗanda kusan kashi biyu bisa uku daga Kano kaɗai suka fito. Mai zaɓen gwaji bai sake duba hanyarsa ba, sai ya buɗe sabuwar tambaya kan zaɓe mai zuwa.

Jinsin da ya rinjayi sauran duka a yawa shi ne wanda ba ya zuwa. Mutum sama da miliyan 93 ne suke da rajista a 2023, amma waɗanda suka fita zaɓen shugaban ƙasa kimanin miliyan 25 ne, wato kusan kashi 27 cikin ɗari. A cikin sauran akwai wanda tsoron 'yan daba ko 'yan bindiga ya hana, da wanda ya yi rajista a garin da ya bari, waɗanda ba abin dariya a lamarinsu. Amma akwai kuma wanda ya karɓi katin don ya samu shaidar nunawa a banki, da saurayin da ya ga an hana zirga-zirgar motoci ya kafa raga a tsakiyar titi, da ɗan bokon da ya ce an riga an rubuta sakamako, da wani kaso na 'yan data da masu fashin baƙi, waɗanda suka wuni suna sanya sakamakon rumfunan da ba su taka ba, suna kira ga jama'a da a kasa, a tsare, a raka, daga kan katifa, waya tana jone da caja.